Ka Tambaye Ni Kan Baƙi, Kan Soja, Da Kan Addu'ar Da Ta Ƙi Fita

Wani matashi ya aiko min da saƙo, ga taƙaitawarsa: "Baba, ni ɗan wani ƙauye ne a yammacin Batsari, yanzu ina Katsina wajen kawuna. Bara da damina ɓarayin daji suka shigo mana, suka kashe mahaifina da yayana. Waɗanda suka tsira sun ce Hausar maharan ba irin tamu ba ce. Tun ranar ba na ƙaunar ganin ɗan Nijar. Me zai hana a rufe boda a kori baƙi? Sojoji ba su iso ba sai da gari ya waye, amma duk Juma'a liman sai ya ce a gode musu. Godiyar me? Kuma ba zan ɓoye maka ba, in na ɗaga hannu zan yi addu'a sai in ji bakina ya yi nauyi. An ce ka yi aikin boda, shi ya sa na tambaye ka."

Ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka da yayanka, ya sa sun huta, ya ba mahaifiyarka da ku duka haƙurin wannan rashi. Sau uku na karanta saƙonka kafin na iya zama in amsa. Ni ba malami ba ne. Aikin shige da fice na yi shekara 35, daga 1982 zuwa 2017, yawancinsa a layin nan namu, daga Magamar Jibiya zuwa Kongolam zuwa Babban Mutum. Yanzu ina zaune a Daura ina kiwon 'yan tumakina. Abin da idona ya gani shi zan faɗa maka, ko da wani ɓangarensa ba zai yi maka daɗi ba.

Bari in fara da maganar Hausar maharan, don nan ne na taɓa faɗawa rami da ƙafata.

Ina sabon shiga aiki, manyanmu suka koya mana dabarar gane ɗan ƙetare da kunne. Ka tambayi mutum inda yaransa ke karatu, in ya ce "lakwal" maimakon makarantar boko, ko ya kira malamin makaranta "mushe", ko ya ƙirga kuɗi da dala irin na sefa, to ka kama shi. Wata Lahadi, ranar kasuwar Mai'aduwa, na tare wani dattijo yana janye da rago. Na ce nawa ragon, ya faɗa min da lissafin dala. Na ce takarda, ya ce bai san wata takarda ba. Na zaunar da shi ƙarƙashin wata bedi tun hantsi har la'asar sakaliya, ragon na ta kuka, shi kuwa bai ce min uffan ba, carbinsa kawai yake ja. Da yamma sai ga dagacinsu a kan keke, gumi sharkaf. Ashe a ɓangarenmu aka binne cibiyar mutumin, ubansa wa Sarkin Daura ya biya haraji har ya mutu. Gonarsa ce kawai rabinta ta tsallaka can, kuma kasuwannin can sun fi masa kusa, shi ya sa bakinsa ya saba da lissafinsu. Kasuwa ta watse bai sayar da ragon ba. Da zai tafi ya dube ni ya ce, "Yaro, Allah ya ba ka ido." Har yau in na tuna wannan kalma sai in ji kunya ta rufe ni. A wannan yinin kuwa Allah kaɗai ya san mutum nawa suka wuce ta gabana da tatacciyar Hausar Kano, alhali ko kakansu bai taɓa taka Najeriya ba.

Kai ɗan Batsari ne. In ka je Kano ka ce "tahi" ko "hwara" ko "ɗiyata", wasu yaran birni za su ce Hausarka ba irin tasu ba ce. Mutumin Jibiya da mutumin Ɗan Isa ko Madarumfa bakinsu ɗaya. Mutumin Daura da na Matamai da Magarya haka. Ba abin mamaki ba ne, don gidan ɗaya ne aka raba da alƙalami. Da jihadi ya ci Katsina wajen 1807, sarakunan Haɓe arewa suka yi, zuriyarsu ta kafa Maraɗi, kuma har gobe sarkin can Sarkin Katsina ake ce masa. Mu ma nan Daura gidan sarauta sai da ya yi zaman Zango kafin Turawa su dawo da Malam Musa a 1906. Layin da muke kira boda kuwa Ingila da Faransa ne suka yi ta jayayya a kansa, suka kakkafa alamominsa tsakanin 1906 da 1908, ba su tambayi ko mai unguwa ɗaya ba. Kakata ta wajen uwa daga ƙasar Magarya aka kawo ta. Marigayi Shugaba Buhari da bakinsa ya faɗa cewa yana da 'yan uwa a Nijar. In za a kori duk mai jinin can daga Jihar Katsina, ban san wa zai rage ya rufe ƙofa ba.

(Wani abin da ke ba ni dariya da takaici: a 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Mu da muke ganin mu ne masu Hausar, har yanzu takardar asibiti da ta kotu da Turanci ake miƙa wa tsohuwar da ko sunanta ba ta iya karantawa. Amma wannan zance ne na wata rana.)

Dokar ƙasa ma ba ta san karin harshe ba. Tsarin mulki asalin iyaye da kakanni yake dubawa. Kuma mun ga abin da ke faruwa in aka bar zato ya zama alƙali: a Janairun 1980 aka ɗauki Alhaji Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin Borno, aka kai shi Chadi aka ajiye, wai ba ɗan ƙasa ba ne. Kotu ta ce ɗan ƙasa ne, ya dawo. In aka yi wa mai kujera haka, me kake zato za a yi wa mai ga-ruwa a Ƙofar Marusa?

To, korar baƙi. An yi ta, ɗana, ina cikin waɗanda aka sa su yi. Bayan rikicin Maitatsine na Kano a Disambar 1980, da yake jagoransu Muhammadu Marwa, wato Maitatsine, ɗan Kamaru ne, sai maganar gari ta zama baƙi ne masifar ƙasar nan. Ga kuɗin man fetur sun ja baya, aiki ya yi wuya. A Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta ba duk baƙon da ba shi da takarda mako biyu ya fice. Mutum wajen miliyan biyu suka kama hanya, kusan rabinsu 'yan Ghana. Ta wajenmu 'yan Nijar da 'yan Chadi ne suka fi yawa. Na ga mata a bayan gingimari da tukwane a ɗaure a zani, na ga masu gadi Buzaye da suka shekara goma suna tsare gidajen attajiran Kano suna tafiya da tabarma da buta kawai. Shin rikicin ya mutu? A 1984 mabiya Maitatsine suka sake tashi a Jimeta, a 1985 suka tashi a Gombe. An bar jaki ana dukan taiki. Kuma kafin mu yi musu, su Ghana sun yi mana a 1969, lokacin Firaministansu Busia, suka koro 'yan Najeriya da yawa da suka haihu suka yi jikoki a can. Rama cuta ce kawai take zagayawa.

Rufe boda ma an yi, ba sau ɗaya ba. An rufe daga 1984 zuwa 1986, ya haɗu da fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar sunan Buhari. An sake rufewa a Agustan 2019. A Disambar 2020 aka buɗe huɗu, ciki har da Illela da Maigatari, ta Jibiya kuwa sai Afrilun 2022. Yanzu ka lissafa da kanka: ranar 11 ga Disambar 2020 da aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, sama da 300, boda a rufe take. Shekarun da Batsari da Safana da Faskari da Sabuwa suka fi shan wuya, yawancinsu boda a rufe take. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake garƙamewa har Maris 2024. Su wa suka ji a jikinsu? Direbobin tirela da albasa ta ruɓe musu a layi, 'yan dako, masu sayar da abinci a Magama, da marasa lafiya da ke tsallakawa neman magani.

Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa tsayuwa a wurin. Tsakaninmu da Nijar akwai kimanin kilomita 1,500, fili ne fetal, gona ta haɗe da gona. Abin da gwamnati ke rufewa ƙofa ce guda a kan kwalta. Mai safarar bindiga bai taɓa zuwa ƙofa ya miƙa fasfo ba, ɓarauniyar hanya yake bi da babur da tsakar dare, kuma ɗan gari ne ke masa jagora.

Kada ka ɗauka ina wanke kowa. Gaskiya ne makamai sun ɓarke a Sahel bayan rushewar Libiya a 2011, kuma ta arewa suke gangarowa. Gaskiya ne akwai 'yan ƙetare a cikin dajin, kamar yadda akwai namu da ke tsallakawa su yi ɓarna a ƙauyukan Maraɗi. Amma manyan da ake kiran sunansu a rediyo an san garuruwansu, an san iyayensu; Bello Turji ɗan ƙasar Shinkafi ne, ba daga Agadas aka kawo shi ba. Man da suke zuba wa babura, burodi, katin waya, ƙwaya, daga garuruwanmu suke fita, shi ya sa a 2021 gwamnatin Masari ta hana sayar da mai a jarka. Wanda kuma ya gaya musu gidan da aka sayar da shanu jiya, da ɗakin da maigida ke kwana, ba baƙo ba ne. Kai ka fi ni sanin kalmar "infoma" da abin da take nufi a ƙauyenku. Da ɗan gari akan ci gari.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. A 2019, da wuta ta yi wuta, dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina ina suka gudu? Jihar Maraɗi. Talakawan ƙasar Gidan Rumji da kewaye, waɗanda su ma da ƙyar suke cika rumbu, su suka buɗe musu zaure kafin ma ƙungiyoyin agaji su iso. Har yanzu akwai mutanen bakin iyaka da in yamma ta yi sukan tsallaka can su kwana, da safe su dawo gona. Wataƙila a cikinsu akwai danginka. A can su ne baƙin.

In ka tambaye ni me ya kamata a yi, zan ce a dawo da abin da iyayenmu suka sani. Da, baƙo ba ya kwana a gari sai da mai masauki, mai masauki ya kai shi gaban mai unguwa, mai unguwa ya sanar da dagaci. In ya yi laifi an san ƙofar da za a buga. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shigowa ya yi kwana 90 ba biza, amma ba ta ce ya shigo ba a san shi ba. Da takarda ta ce. Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, duk da haka aka ce a ci gaba da karɓar takardunsu. A rubuta kowa, a san mai masaukinsa, a biya ma'aikacin boda abin da zai hana shi miƙa hannu, a hukunta wanda ya miƙa. Wannan aiki ne mai cin rai, ba ya yin amo a siyasa kamar "a kore su", shi ya sa ba a son sa.

Kuma ina roƙonka, wannan ƙiyayyar kada ka bar ta ta juya kan Bafulatanin da ya kawo nono ko ya zo cin kasuwa. Na san garuruwan da aka kashe marasa laifi a tsakiyar kasuwa don kamanninsu da harshensu, 'ya'yansu suka shiga daji, suka dawo da bindiga. Allah ya ce kada ƙin wasu mutane ya sa ku ƙi yin adalci. Ba don sauƙinta aka saukar da ayar ba.

Maganar soja. Ba zan ce maka ba su yi latti ba. Kai kake wurin, ni ba na nan. Haƙƙinka ne ka tambaya: wa aka kira, ƙarfe nawa, me ya hana fitowa? Ka tambayi ɗan majalisarku, ku haɗu ku rubuta, ku je da dattawanku. Godiya ba ta rufe bakin mai neman bahasi.

Amma ka rarrabe mai ba da oda da yaron da ke kwance a rami. Na yi zaman shinge da su shekaru. Akwai wani ƙaramin soja da ba zan manta ba, daga can kudu maso kudu, Kirista, bai fi shekara 22 ba. Da ya zo ko "sannu" bai iya ba, sanyin hunturu ya farfasa masa leɓe har yana jini. Wata uku ya fara Hausar bariki, yana ce wa tsofaffi "Baba, ina kwana, yaya gajiya" da la'asar, kowa na dariya. Da azumi shi yake karɓar tsaron magariba don Musulmin cikinsu su sha ruwa a natse, in mai ƙosai ta kawo sadaka ya ajiye musu nasu bai taɓa ba. An ɗauke su zuwa wani wuri, bayan wata biyu aka ce motarsu ta faɗa kwanton ɓauna. Uwarsa ba ta san inda Katsina take a taswira ba. Shi ma fa baƙo ne a ƙasarku, Hausarsa kuma ba irin taku ba ce.

Irinsa suna da yawa. A Yulin 2020 an yi wa sojoji kwanton ɓauna a wajen Shimfiɗa ta Jibiya, aka kashe da dama a yini guda. Ga 'yan sanda, ga yaran da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ɗauka a rundunar tsaron al'umma a 2023, 'ya'yan ƙauyukanku ne, an binne wasunsu. Soja ba ya fita sai an ba shi umarni, sai da mai a mota, sai da hanyar da damina ba ta cinye ba. Su kuwa maharan sun san kowace kwazazzaba ta dajin Rugu. Wannan ba uzuri nake kawo wa kowa ba, bayanin inda za ka kai ƙorafinka nake yi. Limaminku bai yi kuskure ba: Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, ya kuma ambaci idon da ya kwana yana tsaro saboda Allah cikin idanun da wuta ba za ta taɓa ba. Sai dai ni da za a ji tawa, godiyar da ta fi furen da ake ajiyewa ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, ita ce a biya matar mamaci haƙƙin mijinta ba tare da ta shekara tana zarya da fayil ba. In bakinka bai iya cewa "amin" ga duka ba tukuna, ka ce wa wannan yaron nawa shi kaɗai. Ya isa a yanzu.

Saura nauyin baki. Wannan na san shi, ba a littafi ba. Ɗan ƙanwata direba ne, aka tare su a hanya, muka sayar da gona da shanu biyu muka kai kuɗin fansa, suka karɓa, ba su sake shi ba. Ko gawarsa ba mu samu ba, sallar ga'ib aka yi. Na fi wata huɗu ina salla kamar icce, in an sallame in miƙe. Masu ta'aziyya na cewa "sai haƙuri, haka Allah ya so", ni kuwa in ji kamar ana watsa min barkono. Wani tsohon malamin zaure a unguwarmu, Allah ya jiƙansa, ya lura. Bai yi min wa'azi ba. Ya buɗe Baƙara, aya ta 214, inda Allah ke ba da labarin waɗanda tsanani ya girgiza har Manzo da muminan da ke tare da shi suka ce, yaushe taimakon Allah zai zo? Ya ce min, "Alhaji, ka ga tambayar nan Allah bai goge ta ba, ya bar ta a cikin Littafinsa ana karanta ta a salla." Shi ke nan abin da ya faɗa, ya rufe, ya aika a kawo mana fura.

Annabi Yaƙub ya yi kukan Yusuf har idanunsa suka yi fari, ya ce baƙin cikinsa ga Allah yake kai ƙara. Manzon Allah ya rungumi ɗansa Ibrahim yana cikawa, hawaye na zuba, ya ce ido na hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Don haka nauyin bakinka ba kafirci ba ne, rauni ne, kuma ɗanye. Kada ka bar sallar, ko da kana jin ta fanko. In addu'a ta ƙi fita, ka ce "Allah ka jiƙan Baba" ka tsaya nan.

Abu ɗaya kawai nake so ka kiyaye: masu amfani da ƙaddara su rufe maka baki. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta wanke wanda ya harba, ba ta wanke infoma, ba ta wanke wanda aka ba amanar tsaro ya yi barci. Da annoba ta ɓarke a Sham, Sayyidina Umar ya juya da jama'a, aka ce masa gudun ƙaddarar Allah kake? Ya ce daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Fitowarku daga ƙauye ƙaddara ce, neman haƙƙinku ma ita ce.

Ba ka gaya min ko akwai ƙanne a hannunka ba, da ko sun koma makaranta, da wa ke noma gonar bana. Ka rubuto min wannan. In kuma kawunka ya yarda, ka shigo motar Daura wata Asabar ka kwana a wurina, Lahadi mu je Mai'aduwa. Zan tsayar da kai a bakin kara, inda ake cinikin raƙuma, ka saurari mutum goma ka nuna min na Nijar. Ni da na shekara 35 ina wannan aikin, nakan ci biyar in faɗi biyar. Ka gaida mahaifiyarka, ka ce wani tsoho a Daura yana yi mata ta'aziyya.